Dogo Ya Tare Hanya a Umdurman

Tun ranar da labari ya iso unguwar Hajj Yusuf, a tsallaken kogi, cewa Malam Zailani na Umdurman yana neman mataimaki, Lauratu ta hana ƙaninta Dogo sakat. An sa zaɓen Ƙungiyar Zumuncin Hausawan Birni bayan ƙaramar salla, kuma sabuwar doka ta ce duk mai son shugabanci sai ya fito riƙe da mataimakinsa, a zaɓe su tare ko a kayar da su tare. Ƙungiyar ba ta wasa ba ce. Ita ke tsaya wa mutum in hukuma ta rushe masa rumfa, ita ke ɗaukar gawar wanda ba shi da kowa, ita ke shiga tsakani in aure ya so mutuwa. Amma tun kafuwarta teburin gaba na mutanen Umdurman ne, waɗanda kakanninsu suka zauna a garin tun kafin a yi gada. Mutanen Hajj Yusuf kuwa, 'ya'yan leburorin auduga da suka tashi a kambo, wato bukkokin da ake yi wa leburori a gefen gonakin Jazira, aikinsu a taro shi ne tafi da jera kujeru.

Wannan abu ya daɗe yana ci wa Lauratu rai. Mace ce mai sayar da kisira, wato siririyar wainar dawa, da miya a kasuwar Suk al-Shabi, ta tsinci auduga tun tana ƙaramar yarinya, kuma ita ta yi rainon Dogo bayan rasuwar mahaifiyarsu. Burinta ɗaya ne, ba ta kuma ɓoye shi: ta ga ɗan kambo zaune a teburin nan na gaba kafin a kai ta makwancinta. Yanzu ga dama ta samu, domin sunaye biyu ne a hannun Zailani, na Idirisu ɗan Umdurman da na ƙaninta.

Sunansa na yanka Ibrahimu, amma in ka nemi Ibrahimu a tashar Suk al-Arabi mutum goma za a nuna maka. Ka ce Dogo, sai a nuna maka hafila, wato bas ɗin haya, wadda ta fi kowace hayaniya. Shi ne shugaban direbobin layin Hajj Yusuf, kuma babu gidan biki ko gidan makoki a unguwar da bai kai mutane kyauta ba. Aibinsa guda ne, ba ya yin komai a hankali. Ko gaisuwa ce sai an jiyo ta daga ƙarshen layi.

Don haka Lauratu ta buɗe masa makaranta a tsakar gidanta. Ta saya masa sabuwar jallabiya fara tas da sabon rawani, ta zaunar da ƙato mai 'ya'ya huɗu a kan tabarma tana yi masa karatu.

"Ka rage murya. In dattijo yana magana kada ka katse shi. Kuma ka ji ni da kyau, Ibrahimu, kada ka kuskura ka rantse da saki a gaban mutanen nan. Matarka Maimuna, baiwar Allah, kullum aurenta yana rataye a kan kofin shayin baƙonka."

"Haba Yaya, ai kin san ba daga zuciya ba ne."

"Daga hanta ne ko daga huhu, ka bar shi a gida."

Ranar Juma'a Zailani ya kira dattawan ɓangarensa buɗa-baki a ƙofar gidansa, a ji ta bakin mutum biyun, a yanke magana bayan magariba. Tun la'asar suka tsallake gada. Lauratu ta shige wajen mata, amma ba ta yi nisa ba, ta samu kujera 'yar tsugunne ta dasa a bayan ƙofar gida inda take hango shimfiɗun da aka jera a titi. Matar gidan, Bakhita, mace ce mai tsari. Ta san yawan dattawan da za su zo da 'yan rakiyarsu, ta dafa daidai su, ba ƙari ba ragi, kowane kwano da murfinsa.

Gardamar masu azumi ba ta da wuyar kamawa. Alhaji Habibu, wanda ya girme su duka, shi ya buɗe.

"Jama'a, mataimaki ba ɗan rakiya ba ne. Shugaba zai yi tafiya, zai kwanta ciwo, ko ma Allah ya karɓi abinsa..."

"Allah ya tsare, ya Hajj, ga ni a zaune," in ji Zailani. Aka kwashe da dariya.

"To, in ta faru, wa zai shiga ofishin hukuma da sunanmu? Wanda ya san bakin manya, ko wanda ya san bakin tasha?"

Wani tsohon direba da ya rako Dogo ya ɗaga hannu tun ba a ba shi izini ba. "Idirisu mutumin kirki ne, wallahi ba mu musa ba. Amma ƙuri'a muke nema ko limanci? Ku kai shi Hajj Yusuf ku ajiye shi a bakin titi, ku ga ko mai keken rakasha ɗaya zai san sunansa!"

"Shi kuma naku aji nawa ya yi?"

"Aji nawa shugaban da ya sauka ya yi, da ya bar mu shekara da shekaru ba ko taro?"

Nan wuri ya kaure, kowa na magana, wani da Hausa wani da Larabci, wani ya fara da wannan ya ƙare da wancan. Sai da Zailani ya buga sandarsa a ƙasa sannan aka lafa. Ya ce tambaya ɗaya zai yi wa su biyun: in hukuma ta aiko cewa za ta tashi rumfunan mata a Suk al-Shabi, me kowannensu zai yi?

Idirisu ya fara. Baduku ne mai shagon takalma a kasuwar Umdurman, ya daɗe yana riƙe da hidimar masallacin unguwa ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ya ce zai nemi ganawa da jami'in da abin ke hannunsa, ya kai masa bayani a rubuce, ya nemi a ba matan wani wuri kafin a taɓa rumfa ko ɗaya. Ya yi maganarsa a natse, ya zauna. Lauratu ta duba ta duba ko za ta samu inda za ta kushe shi, ba ta samu ba, abin ya ƙara ba ta haushi.

Dogo ya miƙe. Ta ga ya buɗe baki zai saki muryar tasha, sai ya tuna, ya haɗiye rabinta.

"Iyayena, abin da Idirisu ya faɗa daidai ne, ni ma takardar zan kai. Sai dai ranar da zan kai ta, matan da kansu za su zauna a inuwar ƙofar ofishin, ba zagi ba jifa, su da tukwanensu. Jami'i ya leƙo ta taga ya ga fuskokin da zai tasa. Ni zan kawo su, motoci muna da su."

Dattawa suka kalli juna. Wani ya ce, "Kalam tamam," wato magana ta yi daidai. Har Alhaji Habibu ya shafa gemu. Ya tambaye shi su wane ne iyayensa, Dogo ya ce ubansa ya tsinci auduga a Jazira har bayansa ya lanƙwashe, kuma duk wanda ya san shi bai san shi da cin haƙƙin kowa ba. Aka ce Allah ya ji ƙansa. A bayan ƙofa Lauratu ta damƙi hannun Bakhita da ta zo wucewa, ta matse shi har sai da matar ta ce wayyo. Zuciyarta kamar ta fito don murna. Ta riga ta ga kujerar, ta ga Dogo a kai, ta ga kanta a sahun mata tana rangaɗa guɗa.

Rana ta yi ja, aka fito da siniyoyi, manyan farantan abinci. Ga asida, tuwon ƙasar, da miyar busasshen nama, ga dafaffen wake, ga soyayyen nama, ga dabino, ga manyan kwanonin abre mai sanyi, abin shan buɗa-baki. Kowa ya yi shiru yana sauraren ladan. A daidai wannan lokaci wata babbar hafila ta kwano cikin layin a guje, ta gudo daga cunkoson babban titi, cike maƙil da mutane har bakin ƙofa.

To, a nan sai an san Jazira kafin a gane abin da ya biyo baya. A ƙauyukan da ke kan hanyar Madani, matafiyi ba ya wucewa da azumi a bakinsa in rana ta faɗi. Maza ne ke fitowa tsakiyar kwalta, su warware rawunansu su ja su daga wannan gefe zuwa wancan, mota ta tsaya ko tana so ko ba ta so, a sauke fasinja kaf a ciyar da su. Garin da mota ta kufce masa, abin kunya ne a gare shi. A Umdurman ma ana cin abinci a titi, ana kiran mai wucewa, amma daga zaune ake cewa "itfaddal", in ya zo bismilla, in ya wuce Allah ya kiyaye hanya. Kuma ko a ina ne, mai siniya shi ke kira.

Duk karatun da Lauratu ta yi wa ƙaninta, wannan babi ne kaɗai ta manta.

Kafin ta ƙifta ido Dogo ya yi tsalle ya tsallake kwanon asida. Ya fizge sabon rawanin daga kansa, ya cilla gefe ɗaya ga wanda ya fi kusa, wanda kuwa ya fi kusa Idirisu ne. Bawan Allah ya cafe bai san dalili ba, sai ganin kansa ya yi a tsaye a gefen titi yana riƙe da rawanin abokin takararsa. Dogo ya ja ɗaya gefen ya tsaya ƙiƙam. Hafila ta ci birki, ƙura ta tashi.

"Wallahi ba mai wucewa!" Muryar tasha ta dawo da ƙarfinta duka. "Alayyat-talag, ya zol, kashe motar nan! Ku sauko, ku sauko duka, ga abinci!"

Ga rantsuwar sakin nan ta fito da Larabci a gaban dattawa. Lauratu ta ɗora hannu biyu a ka.

Suka dinga saukowa, ba su ƙarewa. Samari, magidanta, wani da ganga a rataye. Sai a lokacin mutane suka lura da hoton da aka manna a jikin motar, sannan mai hoton da kansa ya sauko a ƙarshe yana gyara jallabiya. Jibrin ne, babban mai agashe na Suk al-Shabi, wanda ke takarar shugabancin da Zailani. Daga yawon neman ƙuri'a suke, sun makara a hanya.

Ladan ya kira salla.

Abin da aka dafa wa dattawa, a ɗan lokaci kaɗan ya zama tarihi. Mutanen da suka wuni suna ihu a rana ba su zo da kunya ba. Alhaji Habibu ya sha ruwa, ya ci dabino, ya miƙa hannu kwanon nama ya tarar da ƙashi. Zailani yana ta murmushin dole yana cewa marhaba, marhaba, gumi na keto masa. Dogo kuwa yana tsakiya, kai ba rawani, yana tura wa baƙi kwanoni kamar shi ya yi cefanen.

A cikin gida Bakhita ta zube a ƙasa. "Ya kashe ni. Ɗan'uwanki ya kashe ni, ya Lauratu. Gobe duk Umdurman za a ce siniyar Bakhita ta gaza, dattawa sun tashi da yunwa a ƙofar mijinta."

Kunya ta rufe Lauratu har ta rasa inda za ta sa fuskarta. Amma macen da ke ciyar da rabin kasuwa kullum ba ta zama ta yi kuka a gaban murhu. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu.

"Tashi, 'yar'uwa. Ina garin alkama? Hura mini wuta biyu. Ke yarinya, yanka albasa, duk wadda ke gidan."

Ta kwaɓa gari a babbar roba, ta dinga zuba gurasa a kasko tana juyawa tana jefawa a faifai. Bakhita ta ƙara ruwa da kuɓewa a sauran miya, ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabta. Nan da nan siniyoyi suka fara tsallako katanga daga hagu da dama, wannan da wake, wannan da taliya, wata tsohuwa har da ragowar kifin jiya. Kafin a idar da sallar magariba an sake cika shimfiɗu. Kowa ya ci ya ƙoshi, har Alhaji Habibu. Bakhita ta share gumi ta rungume Lauratu, ta ce yau ta yi 'yar'uwa.

Amma ƙoshi bai goge abin da ido ya gani ba. Da aka kawo shayi dattawa suka ja gefe da Zailani, suka yi ƙus-ƙus, suka dawo. Lauratu ta koma bakin ƙofa, hannunta fari fat da gari har gwiwa. Alhaji Habibu ya gyara murya.

"Ba mu ce Dogo mugu ba ne. Zuciyarsa fara ce, kowa ya gani. Amma wanda ya yi kyauta da siniyar wani bai tambaya ba, gobe zai yi alkawari da sunan ƙungiya bai tambaya ba. Mataimaki sai mai waiwayen na gabansa."

Zailani bai kalli Dogo ba. Ya ce ya bi shawarar iyaye, Idirisu ne mataimakinsa.

Lauratu ta dafa ƙofa. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ba ta da bakin cewa an yi musu zalunci, maganar tsohon gaskiya ce.

Sai ga Jibrin ya miƙe da kofin shayi a hannu, yana murmushi irin na ɗan kasuwar da ya hango araha.

"Malam Zailani, mun ci, mun sha, Allah ya saka da alheri. Tunda ka zaɓi naka, ka ba ni dama in yi magana a ƙofarka. Ni ma har yau ban sanar da mataimaki ba. Mutumin da zai tsaya gaban mota don kada abokin hamayyarsa ya wuce da yunwa, shi nake nema. Ya Dogo, zo mu tafi tare. Kujerar taka ce, a gaban shaidu."

Wuri ya ɗauka. Mai ganga ya saki ganga, samarin hafila suna "Dogo! Dogo!", tsohon direban nan ya jefa hularsa sama. Dattawan Zailani suka yi tsuru-tsuru, domin lissafin ba mai wuya ba ne: Jibrin da kasuwa, Dogo da Hajj Yusuf, an gama zaɓe tun kafin salla.

Dogo ya juya ya kalli ƙofar gida. Tun yana yaro haka yake, ko mota zai saya sai ya kalli Yaya. Kuma duk wanda ke wurin ya bi idonsa, har aka ga matar da ke tsaye a bakin ƙofa da gari a hannu.

Ɗaga kai sau ɗaya kawai ake nema daga gare ta. Ga kujerar nan an kawo ta har gabanta, ba roƙo ba durƙuso. Lauratu ta so ta, wallahi ta so ta. Amma Bakhita na tsaye a kafaɗarta, ƙamshin miyarta bai bar hannun kowa ba. A kan shimfiɗar mutumin nan suka zo neman alfarma, abincinsa ne a cikinsu. In Dogo ya tashi daga nan ya hau motar Jibrin, zai zauna a teburin gaba, haka ne, kuma duk ranar da ya buɗe baki a taro wani zai raɗa wa na kusa da shi cewa haka 'yan kambo suke, a ci da kai a tashi a bi wani. Ba shi kaɗai za a faɗa wa ba, har jikokinsu.

Ta girgiza kai. Sau ɗaya, a hankali.

Dogo ya juyo, ya buɗe muryarsa gaba ɗaya, wannan karon ba wanda ya ce ya rage.

"Ya Jibrin, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ni direba ne. Fasinjan da ya hau mota a tasha ba ya tsalle ya koma wata a tsakiyar gada don an hana shi kujerar gaba. Motar Malam Zailani na hau. Ko a kan inji ya ajiye ni, sai mun isa."

Ihu ya ɓarke, har da mutanen Jibrin a masu tafi. Jibrin ya yi dariya ya rungume shi, ya ce ya yi asara amma ya ci gurasa mai daɗi. Zailani ya tashi ya kama hannun Dogo da hannu biyu. Idirisu ya matso da rawanin, ya naɗe shi tsaf, ya miƙa masa yana sunkuyar da kai. Aka karanta Fatiha a kan takarar Zailani da Idirisu.

Lauratu ba ta tsaya Fatihar ba. Ta koma bayan gida wajen murhu, ta zauna a kan turmi, ta zuba wa garwashi ido. Tun dabino ɗaya da kurɓin ruwa ba ta sa komai a bakinta ba, kuma ba ta jin za ta iya. Bakhita ta ajiye mata kofin abre a gefe, ta koma ciki.

Can sai ta ji motsi a bayan katanga, ta wajen lungu. Mutum ɗaya ne a duk Umdurman da kansa zai iya leƙo wannan katanga ba tare da ya taka komai ba.

"Yaya," in ji shi, da 'yar ƙaramar murya irin wadda ta yi ta nema a wajensa ba ta samu ba. "Na ɓata miki, ko? Ni dai na ga mota za ta wuce ne."

Ta buɗe baki za ta zazzaga masa duk abin da ta tanada. Sai hawaye suka zubo, ta sa bayan hannu ta share, gari ya shafe mata fuska.

"Ka yi daidai," ta ce. "Sakarai kawai. Ka yi daidai."